Suna na Huɗu

Tun ranar Lahadi da suka dawo daga ofishin lauya a Bagdadiyya, Hajiya Zaituna ba ta zauna wuri ɗaya ta shanye shayinta ba. Ta ɗauki kofi daga ɗaki ta kai falo, daga falo ta kai kicin, can sai a tsince shi kan injin wanki ya huce, ita kuwa tana can tana sake jera tukwanen da ta jera jiya. Gidan nasu na unguwar Ruwais a Jidda ɗaki uku ne kacal, amma a kwanakin nan ta zagaye shi ya fi sau ɗari.

Maganar duk a kan suna ce. Jikarta Dalal, 'yar ɗanta Nasir, ta gama karatun jinya, wani asibiti a Jamus ya ɗauke ta aiki. Komai ya tafi lafiya sai da aka zo haɗa takardu. Su Hausawan Sudan suna huɗu suke jerawa a takarda: naka, na ubanka, na kakanka, da na uban kakanka. Ukun farko na Dalal sun zo daidai a ko'ina. Na huɗun ne ya rabu biyu. A fasfo da iƙama, wato katin izinin zama, sunan tsohon na gaskiya ne. A takardar haihuwa da shahadar makaranta kuwa, tun daga ajin farko har ta jinya, abin da ke rubuce shi ne Wanzam. Shekara da shekaru ba wanda ya kula, don a Jidda lambar iƙama ake dubawa. Su kuwa Jamusawa harafi harafi suke bi da yatsa. Wata mata a can, Frau Schneider, ta rubuto cewa Dalal biyu suke gani, a aiko musu da shaidar cewa mutum ɗaya ce kafin ranar Alhamis ta fita, in ba haka ba gurbin ya koma kan wata.

Wanzam ɗin nan kuwa Hajiya Zaituna ce ta jawo shi, shekara hamsin da biyu ke nan. Ta haifi Nasir ana tsakiyar aikin hajji, mai gidanta da mahaifinsa duk suna Mina suna aske kan alhazai, don sana'ar gidan ke nan tun can Gadarif ta Sudan. Haihuwar ta zo da gardama aka kai ta asibiti. Washegari wata ma'aikaciya ta tsaya bakin gado da littafi. Sunan uban yaro? Zaituna ta ja mayafi ta rufe fuska. Maƙwabciyarta Rahamatu, wadda ta rako ta, ita ta faɗa. Sunan kakan yaro? Nan Rahamatu ta tsaya, don ita tun da take Baba Wanzam ta ji ana ce wa tsohon. Ta zunguri Zaituna. Zaituna ta san sunan sarai, amma ina 'yar mutunci za ta buɗe baki ta kama sunan surukinta gatsal? Ta ƙara dunƙulewa. Ma'aikaciya na da gado ashirin a gabanta, ta fara buga biro a littafi. Rahamatu ta ce, "Rubuta Wanzam." Aka rubuta, aka kama babban yatsan Zaituna aka dangwala. Daga takardar Nasir sunan ya gangaro ta 'ya'yansa.

Shi ya sa ranar Lahadin lauya ya ce ba shaidar Nasir yake so ba, mai yatsan yake so. Ustaz Thamer sunansa, haifaffen Jidda, a ɗan allon teburinsa an ƙare sunansa da Hausawi. Yana jin Hausa, amma in zai mayar sai ya koma Larabci.

"Ya hajja, abin ba wuya," in ji shi. "Ki ce Wanzam da ke takardar nan laƙabi ne, sunansa na gaskiya wane. Ga shaidu biyu. Halas."

"Kai ka faɗa, ɗana, ni in ce na'am."

"Ba a sa wa mai shaida magana a baki. In na faɗa, shaidata ce, ba taki ba. Takardar cewa za ta yi kin ambaci sunan da bakinki, ni kuma ba na buga hatimi kan abin da ba a yi ba."

"To kawo tawada in dangwala maka yatsu goma."

"Kaka," ya ce da Hausarsa mai nauyi, yana dariya ƙasa-ƙasa, "yatsa ne ya kawo mu nan."

Ta buɗe baki, wallahi ta buɗe. Ga maza huɗu sun zuba mata ido, har da ɗan cikinta a tsaye. Hannunta da kansa ya tashi ya ja mayafi ya rufe fuska, daidai yadda ya yi a gadon asibiti. Suna dawowa gida Nasir sai hon yake ta danna wa mutanen da ba su yi masa komai ba.

Ranar Litinin ya amayar da abin da ke cikinsa. Ya dawo daga shagon tayil da marmara da yake aiki a Kurayyat, bai ko cire takalmi ba.

"Inna, shekara hamsin ina ɗauke da sunan nan. A makaranta yara su bi ni suna cewa zo ka yi mana aski. Ban taɓa ce miki komai ba. Yanzu kuma zai ci yarinyar nan. Kalma ɗaya ce fa."

"Askin da kake raina shi ya yaye ka, shi ya sai maka littafin da kake zuwa makarantar da shi."

"Ba a ce ba haka ba ne. Amma mutumin nan ya rasu ina shekara ɗaya. Wa zai ji haushi?"

"Ni," in ji ta, ta tashi ta shiga kwashe shanyar da ba ta bushe ba.

Ita Hajiya Zaituna ba ta san alif ba, amma ba abin da wani ya taɓa yi mata, mai daɗi ko marar daɗi, da ya ɓace mata. Ta san wadda ta zo mata gaisuwar mai gida da wadda ta aiko da 'yarta. Ta san wadda ta kawo mata kunu tana jego, kuma duk ta rama, har kan jikokinsu. Abu biyu ne kawai ta kasa ramawa, ga su yanzu sun tsaya suna kallon juna.

Na farko na tsohon ne. Tana amaryar wata huɗu, mai gidanta ya riga ya ƙetaro Jidda, tsohon ne ya taho da ita a jirgin katako daga gaɓar Sudan. Inji ya mutu a tsakiyar teku, kwana huɗu suna yawo a kan ruwa, ga zazzaɓi ya kwantar da ita. Ya tuɓe babbar rigarsa ya kafa mata a kan sanduna biyu ta yi inuwa, shi ya zauna a rana da 'yar shara. Ruwan da ake raba wa kowa a murfin gwangwani, nasa a bakinta yake ƙarewa. Da suka sauka bayansa ya saluɓe, leɓensa ya tsattsage. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga ɗansa. Me za ta saka masa da shi? Ba ta da komai sai kunya, ita ta riƙe masa. Ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Akwai wani mai kayan miya a kasuwa mai irin sunan, shekara talatin tana ce masa "kai mai tumatir".

Na biyu na Dalal ne. Shekara uku da suka wuce ciwon suga ya ɓarke mata a ƙafar hagu, har likita ya ja layi da biro inda za a yanke. Dalal, tana ɗaliba, ta ce a ba ta wata ɗaya. Wata ɗayan nan ya zama bakwai. Safe da yamma tana durƙushe tana wanke gyambon da 'ya'yan cikin Hajiya ke toshe hanci in sun shigo. Ƙafar da take zagaye gidan da ita yau, ta Dalal ce.

Har yanzu bayan la'asar Dalal kan zo ta duba tsakanin yatsun ta shafa mai. Ranar Talata ma ta zo da robar ruwan ɗumi, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ba ta ce komai kan takarda ba. Shirun ne ya ishi Hajiya.

"Ita matar nan da ta tsare mu, me ma sunanta?"

"Frau Schneider, ya Habboba." Haka take kiran kakarta, irin na mutanen Sudan.

"Shinaida. Sunan yanka ne?"

"La. Sunan gidansu ne. Ma'anarsa tela."

"Tela mai ɗinki?"

"Aiwa."

Hajiya ta janye ƙafa ta gyara zama. "Yanzu tela ce za ta tare wa jikar wanzami hanya?"

Dalal ta kwashe da dariya, karo na farko tun Lahadi, ta jawo ƙafar ta mayar. "Ai sunayen da suka fi yawa a ƙasar duk na sana'a ne. Malamarmu ta Jamusanci ta ba mu su a takarda. Müller mai niƙa. Schmidt maƙeri. Weber masaƙi. Fischer masunci. Koch mai girki. Wasu kuma kamar tsokana, Klein guntu, Lang dogo."

"A ce likita guda, da farar riga, sunansa Guntu?"

"Ko da ya kai ƙofar nan tsawo. Kakan kakansa ne guntun."

"Kuma ba ya jin haushi?"

"Ba ya ma ji, Habboba. Ya zama suna kawai. Mutanen Italiya ma haka. Rossi, wanda kakansa ja ne, kamar a ce Jatau. Romano mutumin Roma, yadda za ki ce Bakano. De Luca na gidan Luka. Akwai ma Esposito, wannan jaririn da aka tsinta a ƙofa ake sa wa."

"Subhanallahi. Kuma jikoki suka riƙe?"

"Har yau."

"Ba su da rufin asiri, mutanen nan."

Nasir na kwance a doguwar kujera da waya a ƙirji, kamar mai barci. Dalal ta saci kallonsa ta ɗaga murya. "Baba, mudirinku na shago, wanda ke zuwa daga Italiya duk wata uku, wanda kake goge takalmi in zai zo?"

"Injiniya Barbieri. Me ya yi?"

"Ka san ma'anar sunansa?"

"Ban tambaye shi ba."

"Wanzam."

Hajiya ta tafa hannu har ruwan roba ya fallatsa. "La ilaha illallah! Nasiru, ashe ɗan'uwanka kake rusuna wa! In ya zo ka tambaye shi ko yana da zabira."

"Shi duk takardunsa suna ɗaya ne," in ji Nasir, ya juya wa bango fuska.

Dariyar ta ɗan lafa. Hajiya ta ce, "To su me ya kai su? Ba su da iyaye ne?"

"Malama ta ce da can kowa suna ɗaya gare shi. Garuruwa suka cika, Hans ya kai goma a unguwa guda, masu rubutu suka rasa wane ne wane. Sai aka koma cewa Hans maƙeri, Hans guntu, Hans na bakin rafi. Mai littafi ya rubuta, abin ya zauna. Shekara ɗari shida, ɗari bakwai ke nan."

"Malamarku ba ta sani ba," in ji Hajiya. "Ni na san yadda ake yi. Maza sun tafi gona, mai littafi ya zo ƙofa, ya tarar da matar ɗan Hansi. Ya ce sunan surukinki. Ta rufe fuska. Maƙwabciya ta ce rubuta Tela. Ki je ki faɗa mata haka aka yi."

"Zan faɗa mata."

"To tunda su ma 'yan gida ne, rubuta wa Telar ki ce Wanzam ya ishe ta."

Dalal ta rufe kwalbar mai a hankali. "Ba Wanzam ɗin ne ya dame ta ba, Habboba. Da duk takarduna shi ne, ko ɗaga kai ba za ta yi ba. Biyun ne matsalar."

"A mayar da fasfo Wanzam mana."

"Wata shida, in an yi sa'a," in ji Nasir daga jikin bango. "Mu kuwa jibi muke da ita."

Ranar Laraba da hantsi gidan ba kowa, Hajiya ta ce bari ta gwada. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta buɗe famfo don ƙara. Ta dubi tukunya ta ce za ta faɗa wa tukunya. Sunan ya taso tun daga ƙirji, ya zo har bayan haƙora, ya koma. Ta canja wuri, ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta fiddo zabirar tsohon, jakar fatar da yake zuba kayan aiki. Fatar ta bushe ta yi baƙi. Ga aska uku, ga ƙahon yin ƙaho, ga dutsen wasawa da ya lotsa a tsakiya. Da askar nan mai ƙotar ƙashi ya aske kan Nasir ranar suna, yana ta murna. Ta ce to, ta faɗa wa zabirar. Ai nan abin ya fi muni, kamar yana zaune a gabanta. Ta mayar, ta fiddo, ta mayar. Ta share falo. Ta hau bene ta tsaya kallon tankunan ruwa da kwanonin dish na maƙwabta, iskar teku mai ɗanƙo na manna mata riga a jiki, ta sauko. Ƙafar hagu ta fara zogi, ba ta zauna ba.

Da azahar ta ji su a matakala, uba da 'ya, suna magana da Larabci ƙasa-ƙasa, sun ɗauka tana barci.

"Halas, ya Baba. Kar ka ƙara matsa mata. Gobe zan rubuta musu in ce su ba wata."

"Shekara biyu kina karya harshe da yaren nan. Jarrabawar ma in ta daɗe sai kin sake."

"Sai in sake. Kai ba ka ga fuskarta ran Lahadi ba? Ni na gani. Ba zan tsallaka ta kanta in tafi ba."

Hajiya ta lallaɓa ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, ta miƙe, ta sake zama. Abin da ta ji ya fi zagi zafi. Na ƙafa ba ta rama ba, ga yarinya za ta ɗora mata wani a kai, kuma a ɓoye, yadda ba za ta ma samu bakin godiya ba. Tsohon ma haka ya yi mata. Jinin gidan nan ke nan, su yi maka abu su yi shiru, su bar ka da kaya.

Da ta idar da la'asar ta zauna kan darduma tana bin mamatanta kamar kullum. Rahamatu 'yar Bello, Allah ya jiƙanta. Naja'atu mai ƙosai. Rahma da ta rasu wajen haihuwa. Kowa da sunansa. Da ta zo kan tsohon ta ce, "Da Baba mai zabira," yadda ta saba. Sai ta tsaya, tafin hannunta a buɗe. Shekara hamsin da ɗaya tana yi masa addu'a, ba ta taɓa kai sunansa gaban Ubangiji ba ko sau ɗaya. Mai ƙosai ta samu, shi bai samu ba. Ta daɗe a haka har Dalal ta leƙo da robar ruwa.

"Ajiye robar nan. Ki goge min mayafina mai ruwan toka. Ki ce wa ubanki gobe ƙarfe tara."

"Habboba, ba sai..."

"Da ke na yi shawara?"

Ranar Alhamis hanya ta cushe tun daga Ruwais. Nasir na tuƙi yana duba agogo, Dalal a baya ta rungume fayil, Hajiya a gefenta da jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ce a rage sanyin mota. Ta ce a ƙara. Ta ce wannan ba hanyar da suka bi ran Lahadi ba ce. Ba wanda ya tambaye ta abin da za ta yi, don ba wanda ya yarda za ta iya.

Ustaz Thamer ya miƙe ya ba ta kujera, ya kira ma'aikatansa biyu suka tsaya.

"Ya hajja, in sha Allah yau..."

"Ina alƙibla a ɗakin nan?"

Ya nuna kusurwar da ke bayan injin ɗaukar hoton takardu. Ta sa Nasir ya juya mata kujera can. Ta buɗe jaka ta fiddo zabirar ta ɗora a cinya. Ta ba mazan baya gaba ɗaya, ta ɗaga hannu biyu. Da Larabcinta na Gadarif ta fara, a hankali, da ƙarfi, yadda ko na bakin ƙofa zai ji.

"Ya Allah, ka jiƙan bawanka wanzamin Gadarif, wanda mutane ke ce wa Baba Wanzam, har aka rubuta haka a takardar jikansa saboda ni. Uban mai gidana, kakan wannan Nasir da na haifa ranar jifa ta biyu. Kai ka san sunansa tun kafin a raɗa masa." Ta tsaya. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. "Bawanka Abduljalil. Abduljalil ɗan Usmanu. Ya tuɓe rigarsa ya yi min inuwa kwana huɗu a kan teku, shi ya zauna a rana. Ya ba ni ruwansa ya kwana da ƙishi. Ya Allah, ka yi masa inuwa ranar da babu inuwa sai taka. Ka shayar da shi."

"Amin," in ji shaidun biyu, ba tare da sun shirya ba. Ustaz Thamer ma ya shafa. Nasir na tsaye riƙe da bayan kujerar, bai taɓa jin labarin jirgin nan ba sai yau. Ya juya ya shiga karanta kalandar bango.

Hajiya ta shafa fuska ta daɗe ba ta sauke hannun ba. Sannan ta juyo.

"To, ya hajja," in ji lauya a hankali, "kin faɗa ke nan."

"Ni ban faɗa maka komai ba. Da Ubangijina nake magana. In kai da mutanenka kuna da kunne, wannan ruwanku."

Ya dubi shaidun. "Kun ji sunan daga bakinta? Kun ji ta ce shi ne Wanzam na takarda?"

"Mun ji."

Ya zauna ya rubuta, ya karanta mata, ta dangwala yatsan nan dai da ya jawo abin. Hatimi ya sauka. Da zai miƙa wa Dalal takardar ya ce da Hausa, "Kakata ma haka. Har ta mutu, ban ji sunan kakana ba a bakinta." Kafin su kai mota Dalal ta ɗauki hoton takardar ta tura. Suna tsaye a danja ta biyu waya ta yi ƙara. Tela ta ce ya isa.

Hajiya ta jingina kai ta lumshe ido. Can ta buɗe.

"To yanzu a can me za su riƙa ce miki? Dalal dai ko?"

"La. Can a wurin aiki ba a kiran mutum da sunansa sai an saba sosai. Na ƙarshen fasfo shi ne sunan gida a wurinsu." Dalal ta ɗan yi jim. "Frau Abduljalil."

Hajiya ta tashi zaune. "Wa zai faɗa?"

"Kowa. Likita, marar lafiya, mai shara. A ƙirjina ma za a maƙala shi."

"Safe da yamma?"

"Har da lasifika, in ana nemana."

"Gatsal?"

"Da Frau a gaba, Habboba, kamar a ce Malama."

"Innalillahi," in ji Hajiya. Nasir ya ƙunshe dariya har kafaɗarsa na rawa. Ita kuwa tana ta kallon Dalal ta gefen ido kamar yau ta fara ganinta.

Da suka isa ƙofar gida Dalal ta zagayo ta buɗe mata, ta miƙa hannu za ta kama ta kamar kullum. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai.

"Nasiru, zo ka kama ni. Ka ce wa Mai Sunan Baba ta shige gaba."

"Habboba! Ni ce fa!"

"Na sani. Allah ya ƙara girma." Ta miƙa zabirar ta gefe, ba ta dube ta ba. "A riƙe wannan da hannu biyu. Kuma a dafa min shayi, na safe ban san inda na ajiye shi ba."